Wane girman tankin kifi ya dace da sabon shiga? Nawa duk sun mutu cikin kwana biyar

Sabon_shiga:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar kifin ado, irin na cikin gilashi ɗin nan da ake ajiyewa a falo. 'Yata ce 'yar shekara bakwai ta gani a gidan ƙawarta ta dame ni kullum Abba kifi Abba kifi, har dai wancan makon na je na siyo ƙaramin kwanon gilashi mai zagaye kamar tulu, zai ci ruwa kamar lita biyar, da jajayen kifaye guda uku waɗanda ake ce wa golfish, da abincinsu gwangwani ɗaya. Mai shagon ya ce min ba su da wata wahala, in ruwan ya yi datti kawai in canza. To wlh kwana biyu ruwan ya yi fari kamar an zuba madara, na juye shi duka na wanke kwanon tas na zuba sabo daga famfo, washegari ɗaya ya mutu, kwana biyar ba ko ɗaya. Yarinya ta sha kuka har ta ƙi cin abinci, ni kuma kunya ta ishe ni.

Yanzu ina so in sake gwadawa amma ba da ka ba. Tambayata, wane girman tanki ya kamata mutum kamar ni da bai san komai ba ya fara da shi? Ni a tunanina ƙarami ya fi sauƙi shi ya sa na ɗauki kwanon. A Kano nake, gidan haya ne, falon ba wani girma, teburin da zan ɗora a kai tsawonsa santimita 70 ne na auna. Wuta kuma kun dai san yadda take, wani lokaci sai ta yini ba ta zo ba. Na gode.

Tsohon_hannu:

Wa alaikumus salam. Malam sannu, Allah ya ba yarinya haƙuri. Kusan duk mu nan da kwanon nan muka fara kuma duk mun binne kifi, ni na farkona guda huɗu ne ko mako ba su yi ba.

Abin da zan fara gaya maka shi ne tunaninka na cewa ƙarami ya fi sauƙi, a harkar kifi juye yake. Ƙaramin ruwa shi ne mai wahala. Ka ɗauka kamar ka zuba cokalin gishiri a kofi, ka zuba wani cokalin a randa, wanne zai yi ɗanɗano? To haka kashin kifi yake. Kifi yana fitar da wata guba da ake ce wa amoniya ta kashinsa da kuma ta wajen da yake numfashi, ragowar abincin da bai ci ba ma in ya ruɓe amoniya yake zama. A lita biyar da golfish uku kwana ɗaya ya isa gubar ta taru ta fara ƙona musu wajen numfashi, a lita hamsin kuwa kana da lokacin da za ka lura ka gyara kafin abu ya lalace. Haka zafi da sanyi, kwano da rana ya ɗumame da asuba ya huce, babban ruwa kuwa a hankali yake canzawa. Sannan kwano mai zagaye bakinsa ƙarami ne, ita kuma iskar da kifi ke shaƙa ta saman ruwa take shiga, shi ya sa doguwar tanki mai faɗin sama ta fi mai tsayi zuwa sama ko da yawan ruwansu ɗaya ne.

Tunda teburinka 70 ne, ka nemi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wanda masu shago ke ce wa ƙafa biyu. Lissafin ba wuya, ka ninka ukun ka raba da 1000, 60 sau 30 sau 30 zai ba ka lita 54. In ka zuba tsakuwa kuma ka bar ɗan fili a sama ruwan zai tsaya wajen 45 zuwa 48, wato kusan jarka biyu ta 'yan ga-ruwa. Wannan shi ne abin da ni zan kira ƙaramin tanki na koyo. In ka ga an rubuta galan 10 a jikin kwali irin na Amurka, lita 38 kenan, shi ma ba laifi, amma ƙasa da haka ban ba ka shawara ba.

Amma fa ka duba teburin da kyau. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka haɗa da gilashi da tsakuwa za ka tashi da kilo sittin da wani abu, ya fi buhun siminti nauyi. In teburin irin na garin katakon nan ne da ke kumbura in ruwa ya taɓa shi, kar ka soma. Kuma dole ya zauna daidai ba karkata, ka shimfiɗa siririyar katifa ko farin soson nan da ke zuwa a kwalin firji a ƙasa kafin ka ɗora, don ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin gilashi tana iya tsaga shi in nauyi ya hau.

Sai maganar golfish. Ka manta da shi a yanzu. Kifin nan asalinsa daga Sin ne, kuma waɗanda kake gani ƙanana a shago jarirai ne, masu ƙaton ciki da jela biyu suna kai santimita 15 zuwa 20, dogayen kuwa har 30, kuma in an kula da su suna wuce shekara goma. Ga ci ga kashi, sannan ruwa mai ɗan sanyi suka fi so, kamar digiri 18 zuwa 23, ka ga kuwa Kano a watan Afrilu ba wajensu ba ne. Ko tankin lita 54 ɗin ya yi musu kaɗan.

Babban abin kuma da ba mai shagon da zai gaya maka saboda so yake ka sayi komai rana ɗaya: ba a sa kifi ranar da aka sayi tanki. Akwai wasu bakteriya masu amfani da ke zama a cikin soson filta, wato abin tace ruwan tanki, da jikin tsakuwa, su ne ke cinye amoniya su mai da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su mai da naitirait ɗin naitiret wanda shi da sauƙi, shi ne kake ragewa in kana canza ruwa. Sabon tanki ba shi da su, kafin su yi yawa ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Sai ka cika ruwa ka kunna filta, kullum ka ɗan barbaɗa abincin kifi kaɗan a ruwan duk da ba kifi, don su samu abin ci su hayayyafa. Farin da ka ga ruwanka ya yi alamar sabon ruwa ce da abinci ya yi wa yawa, wasu bakteriya ne daban suka cika shi. Da ka juye duka ka wanke kwanon sai ka koma farko, ga kuma kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, shi ya ƙarasa su.

Mai_tarwada:

Hhh Malam lita biyar kifi uku, ai ko mu masu kiwon tarwada da muke cusa su a tankin roba ba ma yin haka. Ni ban san harkar na ado sosai ba amma ruwa dai ruwa ne, abin da Tsohon_hannu ya faɗa na amoniya gaskiya ne, mu ma in ka ga kifi ya taso sama yana haki da safe to ruwa ya ɓaci ko iska ta yi kaɗan.

Abu ɗaya zan ƙara, kar wani ya ba ka 'ya'yan tarwada ko karfasa ya ce ka sa a gilashi wai ai su ba sa mutuwa. Eh ba sa mutuwa da wuri, amma tarwada wata uku huɗu ta cika maka tankin ta cinye duk wani ƙaramin kifi da ke ciki, ruwan kuma ya riƙa wari a falo uwargida ta kore ku kai da shi. Game da ruwa kuma, in na burtsatse ne ba kulorin a ciki, amma ka tara a bokiti ya kwana ya sha iska kafin ka zuba, don ruwan da ya fito daga ƙasa kai tsaye iskarsa kaɗan ce. Na 'yan ga-ruwa ka tambaye su inda suke ɗebowa, kuma ka tabbata jarkar ba a taɓa zuba fetur ko kalanzir a ciki ba.

Maman_biyu:

Sannu Abban yarinya. Ni ta ɓangaren gida zan yi magana tunda maza sun yi ta lissafin lita, don abin da ya kashe min nawa ba girman tanki ba ne.

Maganin sauro. Dan Allah duk wanda zai ajiye kifi a gida ya riƙe wannan. Tankina ya yi wata takwas lafiya ƙalau, ƙananan kifayen da ake ce wa gofi sun hayayyafa har ina rabawa maƙwabta, rana ɗaya da magariba aka fesa maganin sauro a falo aka rufe ƙofa kamar yadda aka saba, ni ina kicin ban sani ba, kafin mu gama cin tuwo duk sun juya ciki sama. Maganin feshi da na kunnawa mai hayaƙi da fiya-fiya duk guba ne ga kifi, kaɗan ya sauka a ruwa ya isa. Kuma injin da ke ba tankin iska, iskar ɗakin yake zuƙa ya tura cikin ruwa, to ka ga kai tsaye yake kai musu. Yanzu in za a yi feshi sai na kashe injin na rufe tankin da leda na ɗora tawul a kai, sai an buɗe tagogi warin ya fita sannan na buɗe. Turaren wuta ma ba na sa kasko kusa da shi, ban ce yana kashewa ba amma dai hankalina bai kwanta ba.

Na biyu yara. Ita 'yar taka saboda so za ta kashe su, duk wucewa sai ta zuba abinci, ƙaninta ya jefa biskit, baƙi su zo su ma su zuba. Ka ɓoye gwangwanin a sama, kai za ka ɗebo mata a tafin hannu ta zuba, abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana shi kenan. Kifi ya kwana biyu bai ci ba ba abin da zai same shi, cin da ya yi yawa ne ke ɓata ruwa. Kuma lallai ka sayi mai murfi, na farko kifi na tsalle, na biyu ƙurar hunturu, na uku hannun yara. Bokiti da soson wanke tanki ka ware su daban ka rubuta a jiki, kar a yi wanki da su, sabulu ko garin wanki ko kaɗan ne ba ya shiri da kifi.

Ɗalibi_mai_beta:

Gsky ni ban yarda dole sai lita 54 ba. Ina hostel kuma tankina lita 20 ne da kifin beta namiji guda ɗaya, ya fi shekara yanzu yana nan garau har ya san ni in na shigo. Beta daga Tailan yake, ƙasar zafi, kuma yana da wata gaɓa da yake shaƙar iska daga sama kai tsaye, don haka in an ɗauke wuta ba ya damuwa kamar sauran. Ga kyau, jelarsa kamar an yi mata rini. Ga mai ƙaramin wuri da matsalar wuta ni shi na ga ya fi. Sai dai ba a haɗa maza biyu, faɗa za su yi har ɗaya ya mutu.

Tsohon_hannu:

Ɗalibi maganarka tana kan hanya, lita 20 da beta ɗaya ana yi, ban musa ba. Amma kai babba ne kai kaɗai ke ba shi abinci kuma ka san ranar canza ruwa. Shi Malam yarinya ce ke son ta ga kifaye suna yawo, in ya kawo mata guda ɗaya wallahi mako biyu za a fara Abba a ƙaro, shi kuma lita 20 ba wajen ƙari. Sannan kuskuren da lita 54 zai shanye, lita 20 ba zai shanye ba. Kuma kar mutane su ji ka ce yana shaƙar iska su koma sa shi a kwalbar bama, amoniya tana ƙona shi kamar kowane kifi.

Na_Jos:

Ku mutanen Kano zafi kuke tsoro mu nan sanyi ne ke kashe mana. Disamba da Janairu in ba hita to safiya za ka tarar da su sun lafe a ƙasa, bayan kwana biyu farin ɗigo ya fito musu a jiki kamar an barbaɗa gishiri. Lissafin hita kusan wat ɗaya ne ga kowace lita, tankin 54 mai wat 50 ya isa, a saita a 25 ko 26. Kano ma ai hunturu da daddare ba wasa, ka sayi ɗan ma'aunin zafi ka manna a ciki ka riƙa dubawa da asuba, shi zai gaya maka ko kana buƙata. In ba wuta ka lulluɓe tankin da bargo da dare, yana riƙe ɗumi sosai. Ka kuma tuna ka cire hita daga soket kafin ka rage ruwa, in ta fito waje tana kunne fashewa take.

Sabon_shiga:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Maman_biyu kin tuna min, a daren da na biyun ya mutu an kunna maganin sauro a falon, ashe abin ya haɗu ne goma da ashirin. Na auna teburin kuma na hau kai na zauna bai motsa ba, katako ne na gaske. Zan tafi da mai ƙafa biyun.

Yallaɓai Tsohon_hannu sauran tambayoyi: wace irin filta ce za ta yi da wutarmu? Na ga wata da ake ratayawa a baya ruwa na zubowa kamar ƙorama ta burge ni. Sannan gara in sayi tankin kamfani ko in ba masu yankan gilashi su haɗa min, an ce ya fi araha? Kuma wane kifi zan sa tunda golfish ya fita? Mako shida kuwa ban san yadda zan yi da yarinyar nan ba, tanki cike da ruwa ba kifi tana kallo.

Tsohon_hannu:

Ta ratayawar tana da kyau amma ba ta wutarmu ba ce, in an ɗauke wuta ruwan cikinta ya tsaya, bakteriyar da ka sha wahalar tarawa su rasa iska, wasu irin kuma in wuta ta dawo ba sa tashi da kansu sai ka zuba musu ruwa, in ba ka gida motar ta yi ta juyawa a bushe. Ka sayi filtar soso, baƙin soso ne mai bututu da ake sa wa a cikin ruwan a haɗa da injin iska ta siririn tiyo. Ita ce mafi arha, ba abin da ke lalacewa a jikinta, tana tace ruwa tana ba da iska lokaci ɗaya, kuma injin wat biyu zuwa biyar kawai yake ci. Ka nemi injin da ke da batir a ciki wanda in an ɗauke wuta yake ci gaba da kansa, ko na USB da za ka jona da fawa bank. In kana da 'yar sola ko inbata a gida ma magana ta ƙare. Ka ajiye injin sama da tsayin ruwa ko ka sa ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa komawa, in ba haka ba ranar da aka ɗauke wuta ruwa zai iya biyo tiyo ya zubo a kafet. In kuma komai ya ƙare ba caji, ka riƙa ɗiban ruwan tankin da kofi kana zubawa daga sama lokaci lokaci, yana taimakawa.

Wanke soson kuma ba a famfo ba, in kana canza ruwa sai ka matse shi a cikin tsohon ruwan da ka ɗebo a bokiti ka mayar. Canjin ruwa kashi ɗaya cikin huɗu duk mako ya isa, wato bokiti guda, ba a juyewa duka kuma ba a fitar da kifi. Ruwan famfo ka sa masa maganin cire kulorin, ana sayarwa a ƙaramar kwalba ɗigo kaɗan ake sawa. Wasu na cewa a bar shi ya kwana kawai, eh kulorin zalla yana fita, amma akwai wani nau'in da ake haɗawa da amoniya wanda ba ya fita da kwana, kwalbar ta fi kwanciyar hankali.

Na masu gilashi ana yi, nawa biyu duk haɗin gida ne. Ka ce musu gilashi mai kaurin milimita 5 ko 6, a goge bakinsa kar ya yanki yara, kuma silikon ɗin, wato gam ɗin da ake haɗa gilashin da shi, ya zama na tankin kifi, ba irin na banɗaki da kicin da aka sa wa maganin hana fumfuna ba, wannan guba ne. In sun gama a bar shi ya bushe kwana biyu uku, sannan ka cika shi da ruwa a tsakar gida ya kwana biyu a kan takarda ka ga ko yana yoyo, kar ka gwada a falo.

Kifi kuma gofi zan ce maka. Ƙanana ne masu launi kala-kala, asalinsu yankin Benezuwela da Tirinidad, suna jure ɗumi, digiri 22 zuwa 28 ne daidai da su, har tsutsar sauro suna ci. Ka sayi maza zalla shida zuwa takwas, su ne ma masu kyan jela. In ka haɗa da mata ka shiga uku, ba ƙwai suke yi ba haihuwa suke kusan duk wata, kuma macen da ka sayo ko ba namiji a tankinka tana iya zuwa da cikinta ta yi ta haihuwa. Kar ka sa su duka rana ɗaya, uku tukuna, bayan mako biyu ka ƙara. In ka kawo su ka ɗora ledar a kan ruwan minti 15 zuwa 20 zafin ya daidaita, ka kwashe su da 'yar raga, ruwan shago kar ya shiga naka. In aka ce ka ɗauki baƙin kifin nan mai manne wa gilashi wai yana share datti ka ce a'a, yana wuce santimita 30 kuma kashinsa ya fi abin da yake sharewa.

Lokacin zafi, Afrilu da Mayu, kar tankin ya kasance inda rana ke bugawa ta taga, ka ɗaga murfi ka sa raga, ƙaramar fanka ta riƙa busa saman ruwan, don ruwa in ya yi zafi iskar cikinsa raguwa take. Kar ka zuba ƙanƙara kai tsaye.

Maganar yarinya akwai dabara. In ka san wani mai tanki da ya daɗe kuma kifinsa lafiya, ka roƙe shi tsohon soso ko ya matse maka nasa a leda ka zuba a naka, bakteriyar ne kake ɗaukowa, yana rage jiran sosai. Kafin nan ka ba ta aikin wanke tsakuwa da jera duwatsu, ku sa tsiro ma, akwai wani mai kaurin ganye da ake ce wa anubiyas wanda asalinsa ma daga kudancin Najeriya da Kamaru ne, ba ya son haske da yawa, ɗaure shi ake a jikin dutse ba a binne jijiyarsa mai kauri. Kainuwa ma tana yi a sama tana shan dattin ruwa, amma in daga kududdufi ka ɗebo ka wanke ta sosai ka ajiye a bokiti daban na mako biyu, kuma kar ka bari ta rufe saman ruwan duka.

Maman_biyu:

Ka ce mata ana yi wa kifayen jere ne kafin su tare, kamar amarya. Tawa da haka na lallaɓa ta, har kalanda ta yi tana cire kwanaki. Kwanon kuma kar ka yar, ka sa masa fulawa.